Tambayoyin da kuke ta yi mini kan bangaskiya da wahala

Na daɗe ina koyar da ajin Littafi Mai Tsarki da Hausa a nan Marwa, a arewacin Kamaru, tambayoyin nan kuwa ba su taɓa sakewa ba. A tare ni da su a ƙofar majami'a bayan sujada, da dare kuma a aiko ta WhatsApp. Ga amsoshin wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Baba, mece ce bangaskiya?

Buɗe Ibraniyawa 11:1. Tabbacin abin da kake sa zuciya a kai ne, da amincewa da abin da ido bai gani ba. Amma ka karanta surar har ƙarshe. Daga aya ta 35 za ka tarar da waɗanda aka ɗaure, aka jejjefe, aka kashe da takobi, su ma saboda bangaskiyarsu aka yabe su.

Wahalar nan zunubina ne ya jawo ta?

Wannan ta fi kowacce ci mini rai, don yawanci uwar da ta binne ɗa ce ke yin ta, bayan wani ya je ta'aziyya ya ƙara mata ciwo. 'Yar'uwa, almajirai sun yi wa Yesu wannan tambaya a kan wanda aka haifa makaho, ya ce ba laifinsa ba ne, ba na iyayensa ba (Yahaya 9:3). Mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Abokan Ayuba da suka nace sai ya yi wani zunubi, su Allah ya tsawata wa. Akwai dai wahalar da mutum ke saya da hannunsa: wanda ya shanye kuɗin audugarsa a gidan giyar bilbil ya san abin da ya kawo yunwa gidansa, sai ya tuba. Amma ruwan da ya ci Yaguwa a 2024 bai tambayi wanda ke zuwa sujada da wanda ba ya zuwa ba.

Shan magani rashin bangaskiya ne?

A'a. Ki kai yaron asibiti yau, ki yi addu'a a hanya. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Duk wanda ya ce ki zubar da maganin zazzaɓin cizon sauro don ki nuna kin gaskata, ba shi zai haƙa kabarin ba.

Na yi addu'a, na yi azumi, shiru.

Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi (2 Korantiyawa 12:8-9). Kada ka daina. Ranar da bakinka ya kasa, karanta Zabura 13 da ta 88 da murya.

Baba, mun baro ƙauyenmu a wajen Kolofata saboda Boko Haram. Damina ta kusa, yara na kwana da yunwa, gona na can. Wasu sun ce komawa ce bangaskiya, wasu sun ce gwada Allah ne. In koma?

Ɗana, ba zan yanke maka wannan ba. Ni a Marwa nake kwana, wuyan da ke cikin haɗari naka ne. Tun 2014 mutanen yankunan Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga ke kawo mini wannan magana, kuma amsa ɗaya ba ta dace da kowane gida ba.

Ka fara cire wa kanka kunya. Gudu ba zunubi ba ne. Yesu ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wani (Matiyu 10:23). Da dare Yusufu ya ɗauki Maryamu da jariri ya nufi Masar. A cikin kwando aka zurara Bulus ta ganuwar Dimashƙu. Amma wannan Bulus ɗin ne daga baya ya nufi Urushalima ana kuka ana hana shi, kuma lokacin da ikilisiya ta warwatse bayan an kashe Istifanas, manzanni sun zauna. To ka ga, akwai wanda aka kira ya tsaya, akwai wanda aka buɗe wa hanyar fita. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya koma don kawai kada a ce bangaskiyarsa ta yi rauni. Wannan tsoron bakin mutane ne, Shaiɗan kuwa da ayar Zabura ya ce wa Yesu ya dira daga kan Haikali.

Abin da nake ba da shawara, ko shi ma da sharaɗi, shi ne na Nehemiya 4:9: sun yi addu'a, sun kuma sa masu tsaro dare da rana. Ka tambayi lawan ɗinku da 'yan sintiri. Ka nemi wanda ya kwana a ƙauyen cikin makon nan, ba wanda ya ji labari a kasuwa ba. Ka tambayi halin hanya, don akan binne nakiya. In sojoji sun hana, magana ta ƙare. Wasu kan tafi gona da safe su dawo gari kafin la'asar; in gonarka ta yi kusa, wataƙila wannan ya fi maka, ko da yake an sha tare mutane da rana ma, don haka kada ka ce ni na ba ka tabbaci. In za ka je, kada ka ɗauki yara a tafiyar farko. Ka zauna da maiɗakinka, in hankalinta bai kwanta ba ka saurare ta, ita za ta riƙe marayu. In kuma lissafin ya ƙi fita, ka nemi aron gona ko ƙodago a inda kake, ka jira lokacin dashen masakwa, dawar rani, bayan ruwa ya ɗauke. Habakkuk ya yi murna da Ubangiji gonaki ba amfani, garke ba dabba (3:17-18), ba a kuma ce masa marar bangaskiya ba.

Ku kuma na cikin gari da rumbunku ke cike, da ku nake yanzu. Da kun yi abin da Yakubu 2:15-16 ya ce, da wannan bawan Allah bai tsaya yana auna ransa da buhun dawa ba. "Allah ya rufa asiri" ba ya cika tukunya. Ku fitar da hatsi.

Wani mai wa'azi ya ce in kawo kuɗi a buɗe mini hanya.

Riƙe kuɗinki. Ba a sayen baiwar Allah da kuɗi (Ayyukan Manzanni 8:20). Baikonki ki kai ikilisiyarki da yardar rai, sauran ki saya wa yara abinci.

Yaya zan san ina girma cikin Ubangiji?

Ba da ƙarfin murya a wurin addu'a ba. Duba Galatiyawa 5:22-23, sa'an nan ka tambayi mutanen gidanka ko haƙurinka ya ƙaru, ka tambayi maƙwabcinka Musulmi ko kana biyan bashi. Ni ba ɗan Katolika ba ne, amma nakan tuna wa ɗalibaina Baba Simon, limamin da ya baro kudu ya zauna a Tokombere, yana hawa duwatsu ba takalmi wurin talakawa har ƙarfinsa ya ƙare, ya rasu a 1975. Har yau ana kiran sunansa a can.

Laifi ne in yi kuka?

Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Yi kukanki, 'yata. Amma kada ki rufe kanki a ɗaki, ki zo zumuntar mata ko ba za ki iya rera waƙa ba.

Za ka sa mu a addu'a?

Zan sa. Ka rubuto mini sunan ƙauyen da yawan yaran, in kuma hatsi ya ƙare ka faɗa a fili, don in san ƙofar da zan ƙwanƙwasa.