Type-C: sunan baki ne, ba sunan sauri ba

Yanzu da wuya ka tsaya a shagon waya na minti biyar ba ka ji an ambaci Type-C ba, ko "taif-si" kamar yadda harshenmu ya lanƙwasa shi. Mai saye kafin ya tambayi kuɗi sai ya ce, "Type-C ce?" Mai shago ya amsa, "Ƙwarai, ai shi ya sa take cika nan da nan." A rediyo ma na ji an ce Turawa sun tilasta wa Apple ya koma "cajar Android mai sauri". Tilastawar gaskiya ce. Sauran biyun, wato Android da sauri, su ne suke ci mini tuwo a ƙwarya.

Type-C siffar baki ce kawai, ɗan ramin nan mai zagayayyen gefe da ake soka masa kebul ta kowace fuska ya shiga. Ƙungiyar kamfanonin da ke kula da tsarin USB ce ta fitar da shi a watan Agustan 2014, da 'yan haƙora 24 a ciki.

Wani yaro mai gyaran waya ya taɓa rantse mini cewa C ɗin na "caji" ne. Ya so ya burge ni, amma ba haka ba ne. Harafi na uku ne a jeri. Da USB ya fito a 1996, baki biyu aka yi masa. A shi ne faffaɗan nan na jikin kwamfuta da kan caja, wanda sai ka juya shi sau uku kafin ya yarda ya shiga. B shi ne mai kusurwa huɗu na bayan firinta, ƙanensa kuma shi ne micro-B, wanda a kasuwa ake kira V8 ko "cajar Android". Rabon aikin a fili yake: ɓangaren A ke bayarwa, ɓangaren B ke karɓa, wuta ba ta komawa baya. Da C ya zo sai ya rushe wannan tsari, domin kai da gindin kebul ɗin duk iri ɗaya ne. To wa zai bayar, wa zai karɓa? Sai an yi ciniki.

Cinikin nan shi ne abin da ba a faɗa a shago. Da ka jona, kan caja yakan fara da volt 5, sannan ya baje hajarsa: ina da 9, ina da 15, ina da 20. Waya ta zaɓi wanda za ta iya ɗauka, a sallama. Yaren da suke wannan magana da shi ana kiransa PD, kuma yana kaiwa wat 100, daga 2021 ma har 240. Shi kansa kebul yana da baki a cinikin, don wanda zai ɗauki fiye da wat 60 sai da ɗan guntun na'ura a cikin kansa da zai gabatar da shi. Idan ɗaya daga cikin ukun bai ji yaren ba, ba faɗa ba zagi, kowa ya ce albarka, a koma jan ƙafa. Kebul ɗin da ya cika kasuwa, mai A a gefe ɗaya da C a ɗaya gefen, ba ya ɗaukar wannan yare ko kaɗan. Wasu kamfanoni, irin su Oppo, suna da nasu yaren na cikin gida, shi ya sa cajar da ta zo da wayarka take cika ta kafin ka gama shan shayi, amma ta aro ta yini tana lallaɓawa, alhali baki ɗaya ne.

Apple da kansa ya ba mu misali mafi kyau. A Satumban 2023 ya fitar da iPhone 15 da iPhone 15 Pro, dukansu da Type-C. Wajen kwashe hotuna da bidiyo zuwa kwamfuta, ta farkon tana tafiya da megabit 480 a daƙiƙa, gudun da aka ƙirƙira tun shekarar 2000. Pro ɗin tana kaiwa gigabit 10, ninki ashirin ke nan, amma sai ka sayi wani kebul daban, don na cikin kwalin ba ya kaiwa nan. Ka ajiye su gefe da gefe, ba idon da zai bambance ramukan.

Maganar "cajar Android" kuwa tarihi ya ƙaryata ta. Apple ya sa Type-C a MacBook tun 2015, ya sa a iPad Pro a 2018. iPhone ce ya daɗe yana killacewa da Lightning, bakin da ya kawo a 2012, wanda duk mai son ƙera masa kebul da izini sai ya biya kamfanin.

Tarayyar Turai ba da bulala ta fara ba. A 2009 lallashi ta yi, manyan kamfanoni suka sa hannu da son ransu, nau'o'in caja suka ragu daga kusan 30 zuwa uku. Apple ya sa hannu, sannan ya zagaya ta bayan gida da ɗan mahaɗi da ake saya daban. Sai a ranar 4 ga Oktoban 2022 majalisar Turai ta kaɗa ƙuri'a, 602 suka yarda, 13 suka ƙi. Dokar ta hau kan wayoyi daga 28 ga Disamban 2024, kwamfutocin cinya kuma daga 28 ga Afrilun 2026. Ta ce baki ya zama Type-C, na'urar da ke shan fiye da wat 15 ta iya yaren PD, kuma a ba mai saye damar ɗaukar waya ba tare da kan caja ba. Hujjarsu ita ce tan 11,000 na cajojin da ake zubarwa duk shekara. Ba inda dokar ta ce kowane kebul ya zama mai kyau.

Masu ƙorafi sun kasu. Akwai masu iPhone da suka tara kebul na Lightning cike da aljihun tebur, waɗannan haushinsu na kuɗi ne, kuma na fahimta. Akwai masu cewa gwamnati ba ta da hurumin zaɓa wa injiniya baki, gobe idan an ƙirƙiro wanda ya fi fa? Wannan tambaya tana da nauyi, don gyaran doka ba ya gudun kasuwa. Amma ni dai ina bayan dokar. Shekara goma sha uku ana roƙo, wanda ya ƙi ji bai ƙi don kishin ƙirƙira ba, akwai abin da yake ci. Greg Joswiak, babban jami'in tallan Apple, da bakinsa ya ce ba su da zaɓi sai bi.

Mu dokar ba ta shafe mu kai tsaye ba, sai dai inuwarta, tunda kamfani ba zai ƙera wa Turai waya daban ya ƙera wa Kano daban ba. Duk da haka ƙananan wayoyi masu araha na nan da V8 ɗinsu, tsofaffin iPhone na hannu da Turawa suka gaji da su kuwa nan suke sauka da Lightning ɗinsu. Leƙa allon mai cajin waya na unguwarku, za ka ga duka ukun a rataye, har da siririn fin na Nokia. Na unguwarmu ba ya tambayar ko wayarka Type-C ce. Juya kan caja yake yi ya karanta ƙananan rubutun da ke bayansa, in ya ga PD da 20W ko 25W sai ya ce ka dawo bayan la'asar, in ya ga 5V 1A kaɗai ya ce sai bayan isha.