Wasan Ban Tausayi a Ƙananan Zaurukan Jos

Wasan ban tausayi nau'i ne na wasan kwaikwayo da ke bin rayuwar wani babban mutum, sarki ko jarumi, daga ɗaukaka zuwa faɗuwa, sanadiyyar ƙaddara ko wani hali nasa da ya kasa dannewa. Ya samo asali a birnin Atina na ƙasar Girka a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, ya bunƙasa a ƙarni na 5, lokacin da marubuta Eskilas da Sofokilis da Yurifidis suka yi fice. Shekspiya ya ba shi sabuwar fuska a Ingila wajen shekarar 1600. A Najeriya kuwa, Ola Rotimi ya ɗauko labarin Sarki Odifus, wasan Sofokilis, ya dasa shi a ƙasar Yarbawa a 1968.

A Jos, masu riƙe da harkar su ne sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Jos da ƙungiyoyi irin su Jos Repertory Theatre, wadda aka kafa a 1997. Ƙananan ƙungiyoyi kan yi nasu a zauren makaranta ko ɗakin taron unguwa.

Tsarin wasan

An tsara wasannin Girka ne domin fili mai ɗaukar dubban mutane. Maza uku ne ke raba manyan rawa a tsakaninsu, suna sauya abin rufe fuska, sai 'yan amshi 12, waɗanda daga baya suka koma 15. A ƙaramin zaure wannan ba ya yiwuwa, don haka akan rage 'yan amshi zuwa huɗu ko shida, a ajiye abin rufe fuskar, tunda mai kallo na iya ganin idon ɗan wasa. Wasan Girka kan ɗauki kimanin awa ɗaya da rabi ba hutu. Na Shekspiya sai an datse, domin Hamlet kaɗai, in ba a taɓa shi ba, yana cin awa huɗu.

Matsalar kusanci

Nan gizo ke saƙar. Idan layin gaba bai wuce taku uku daga dandamali ba, ba abin da ke ɓuya: takobin katako da aka shafa wa fenti, gemun da gam ya fara saki, da gawar da cikinta ke motsi saboda numfashi. Da zarar an ga haka, sai dariya ta ɓarke a daidai wurin da ake son ƙwalla, kuma ba laifin 'yan kallo ba ne. Girkawa sun kauce wa wannan tun fil azal. Galibi ba sa kisa a gaban jama'a, sai dai ɗan aike ya shigo ya ba da labari, sannan a fito da gawa. Wannan dabara ta fi dacewa da ƙaramin zaure, kuma ta fi araha. In dole sai an nuna mutuwa, ɗan wasan ya faɗi ya juya wa jama'a baya, a lulluɓe shi da mayafi mai kauri, a rage haske nan take. Jinin wasa ana haɗa shi da ruwan sukari mai kauri da jar kalar abinci da ɗan garin koko na cakulan. Ba kokon, yakan fito ja wur, kowa ya gane na bogi ne.

Murya ma haka. Ihun da ya dace da fili, a nan kunne yake cikawa. Baƙin ciki ya fi ratsa mutane idan ɗan wasa ya sassauta murya amma ya fitar da kowane harafi.

Yanayi da wuta

Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200. A Disamba da Janairu hunturu na busar da maƙogwaro, shi ya sa ake ajiye ruwan ɗumi a bayan labule, masu kallo kuma su zo da rigar sanyi. Da damina, ruwan sama a kan rufin kwano na iya haɗiye zance gaba ɗaya. Zauren da ba shi da silin, gara a jira rani.

Ɗauke wuta ya fi cutar da wannan wasa a kan na barkwanci, domin in jimami ya yanke ba ya dawowa da sauƙi. Saboda haka ake tayar da janareta tun kafin a fara, a ajiye shi nesa da tagogi, a kuma tanadi fitilun caji biyu a gefen dandamali.