Rashin jin yunwa bayan atisaye ba ƙoshi ba ne

A Damagaram an daɗe ana ganin ɗan kokawa ko ɗan ƙwallon da ya dawo daga fili ya ture kwanon tuwo, wai jikinsa ne ya horu, ya yi sauƙi. Wasu masu horarwa har yabawa suke. Wannan kuskure ne, kuma yana cin yaranmu.

Atisaye mai tsanani yakan danne sinadarin girelin, wanda ciki ke fitarwa don ya sanar da ƙwaƙwalwa an ji yunwa. Zafi ma yana kashe sha'awar abinci, balle zafin Afrilu da Mayu a nan, da ke haura digiri 40. Sai yaro ya yi gudu da sassafe, ya sha ruwa kawai, ya wuce makaranta ko kasuwar Dole, cikinsa shiru alhali jikinsa na bin sa bashi.

A 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya ba matsalar suna RED-S, wato abin da ake ci bai kai ƙarfin da ake ƙonawa ba. Jiki sai ya fara tsumulmula: ƙashi ya yi rauni, rauni ya ƙi warkewa, mura ta yawaita, barci ya lalace. Ƴan mata al'adarsu takan ɗauke, wannan kuwa maganar likita ce, kada uwa ta ce ai wasa ne. Maza ma ba su tsira ba.

Malam mai horarwa, in tuwo ya ƙi shiga, a ba yaran fura da nono ko dabino da zarar sun tashi daga atisaye, abinci mai nauyi ya biyo baya.