Rubutun da ke ƙasan fasfo: tambayoyi game da OCR-B

Wane irin rubutu ne layukan nan biyu da ke ƙarƙashin hoton fasfo?

Sunansa OCR-B, salon haruffa ne da aka yi don na'ura ta iya karanta shi. Adrian Frutiger, ɗan ƙasar Siwizalan, shi ya zana shi a 1968, aka kuma amince da shi a matsayin ma'aunin duniya a 1973. Yawancin lambobin da ake gani a gindin zanen sandunan da ke bayan littafi ko kwalin magani, da shi ake buga su.

Me ya bambanta shi da rubutun jarida?

Abu biyu. Na farko, haruffansa ba su da 'yan ƙafafun ado da ake yi wa ƙarshen sandar harafi. Na biyu, kowane harafi faɗinsa ɗaya ne, kamar na tafureta. A jarida, i siriri ne, m kuwa ya baje. A nan kowa ɗaki ɗaya aka ba shi, haruffa 10 a inci guda. Dole a matse m da W, a kuma yi wa I sanda sama da ƙasa don ya cika gurbinsa, kada kuma a ɗauke shi a matsayin 1.

To mene ne amfanin wannan takura?

Na'ura ba ta karatu kamar mutum, ƙidaya take yi. Kowane layi a fasfo gurbi 44 ne daidai. Na'urar filin jirgi ta san inda lambar fasfo take farawa, da inda ranar haihuwa take, tun kafin ta gane ko harafi ɗaya. Shi ya sa ake cike sauran wurin da alamar <.

Ai akwai OCR-A, me ya sa aka sake wani?

An yi OCR-A a Amurka musamman don na'ura, duk kusurwoyi ne, yana gajiyar da ido. Masu ƙera kwamfuta a Turai suka nemi wanda mutum ma zai karanta ba wahala. A ganina nan gwanintar Frutiger ta fito: bai yarda a sayar da idon mutum saboda sauƙin inji ba. Jami'in shige da fice yana duba layin da idonsa in na'ura ta ƙi, kuma ya karanta shi sarai.

Ina ɓ, ɗ da ƙ a ciki?

Ba su da gurbi a waɗannan layuka. Ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta yarda da A zuwa Z, da 0 zuwa 9, da < kaɗai. Ɗanladi zai fito DANLADI, Sa'adatu kuma SAADATU. Maniyyaci ya duba wannan layi da kyau kafin a sayi tikiti, don sunan tikitin ya dace da shi.