WhatsApp ɗinka yana aiki, amma layin fa?

Da yawa daga cikin masu tafiya karatu ko neman kuɗi a Saudiyya, Masar ko Dubai suna ɗauka cewa muddin WhatsApp na aiki da lambarsu ta Najeriya, to layin yana raye. Wasu kuma sukan ce ai sun haɗa shi da NIN, ko sun bar kuɗi a ciki. Duk ba hujja ba ce.

WhatsApp da intanet yake tafiya. Bayan saƙon tabbatarwa na ranar farko, ba ya komawa kan sim ɗin, ko da sim ɗin yana cikin akwati a Kano. Kamfanin waya ba ya ganin hirarka. Abin da yake lissafawa shi ne mu'amalar da ke kawo masa kuɗi, kamar sa kati, kira, tura saƙo ko sayen data. A ƙa'idar hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, layin da ya yi wata 6 babu irin wannan motsi ana dakatar da shi, in ya ƙara wasu wata 6 kuma ana iya sayar wa wani. NIN shaida ce kawai ta wanda ya yi rajista.

Abin tsoron shi ne banki. In aka sayar da layin, saƙon shigar kuɗi da lambar OTP, wato lambar sirri da banki ke turowa don tabbatar da mu'amala, za su koma hannun baƙo.

Maganin ba wuya: ka riƙa sa kati ta manhajar bankinka duk bayan wata biyu ko uku, ka tura saƙon SMS ɗaya daga layin. Mai doguwar tafiya kuma ya biya tsarin Keep My Number na MTN, wanda ke riƙe wa mutum lambarsa ko ba ya amfani da ita, kafin ya tashi.