Alamomin Jinsi da Rauni a Ƙagaggun Labaran Hausa na Zamani

Alama a adabi wani abu ne na zahiri da marubuci ke ɗora wa ma'anar da ta fi ƙarfinsa. A ƙagaggun labaran Hausa na zamani, musamman na mata, fasalin gida da kayan ɗaki da sutura ne ke ɗaukar wannan nauyi, saboda kunya kan hana a faɗi wasu abubuwa ɓaro-ɓaro.

Kamfanin buga littattafai na Northern Nigerian Publishing Company (NNPC) da ke Zariya a jihar Kaduna ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, wanda ake ɗauka shi ne ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Daga tsakiyar shekarun 1980 adabin kasuwar Kano, wato ƙananan littattafan labarai da ake sayarwa a kasuwa, ya ƙara yawan marubuta mata, zaman aure kuma ya zama babban jigo.

Zaure shi ne iyaka. Maigida na ratsa shi yadda ya ga dama, matar kuwa sai da izini, ko ranar yaji, ko da takardar saki a hannu. A labaran da aka gina a birni irin Kaduna, get da maigadi sun maye gurbinsa a gidajen masu hali na Malali ko Unguwar Rimi, amma aikin bai sauya ba.

Kayan ɗaki sun fi zaure magana. Ranar jere, gado da kwanuka na shelar gatan amarya. Ranar da aka kwance gadon nan aka ɗaure shi a bayan a-kori-kura, maƙwabta na leƙe ta katanga, marubuciya ba ta buƙatar cewa aure ya mutu. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990), Rabi mai 'ya'ya tara ta koma sayar da abinci bayan miji ya sake ta, tukunyar da ta yi bauta da ita ta zama jarinta.

Mayafi fuska biyu gare shi: mutunci ne, kuma maɓoyar hawaye. Raunin namiji dai ba kasafai ake ba shi fili ba, yakan tsaya ne a kuɗin cefane da karyewar jari, wanda gibi ne a wannan adabi.

Yanzu da ake karanta labarai da yawa a WhatsApp da Wattpad, wayar hannu ta shiga sahu, domin tana kai baƙo har ƙuryar ɗaki ba tare da sallama ba.