Waiwaye: Yadda kanel ɗin Linux ya koyi sa wa kansa ido

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfutar Linux da ta sandare, allo cike da lambobi, yana iya cin karo da wani jeri mai ban mamaki: 6b6b6b6b6b6b6b6b. Baƙo zai ɗauka shirme ne. Wanda ya san aikin kuwa ya san an kama ɓarawo da kaya a hannu. Kanel, wato cibiyar babbar manhajar da ke raba wa kowane shiri memori da lokacin furosesa, shi da kansa ya shafa wannan 6b a kan wani yanki na memori ranar da aka mayar masa da shi. Idan lambar ta ɓullo a inda ake sa ran ganin adireshi, wato lambar da ke nuna wani wuri a memori, to wani ne ya koma yana kwana a ɗakin da ya riga ya mayar da makullinsa. Idan kuma 5a ce a jere, wani ya karɓi ɗaki ya fara ɗibar abin da ke ciki tun bai ajiye komai ba.

Sai dai kanel ba ya yin wannan shafe-shafe sai an tanadar masa halin tun lokacin gina shi. Kafin a harhaɗa kanel, mai gini yana amsa tambayoyi dubbai, a saka wannan, a bar wancan, amsoshin kuma su taru a fayil guda mai suna .config. Can ƙasan jerin akwai sashen da aka sa wa suna "Kernel hacking", inda zaɓuɓɓukan farautar kuskure suke. Kowanne a cikinsu yana ƙara wa kanel ido, kowanne kuma yana cin wani abu: gudu, ko memori, wani lokaci ma tsaro. Tarihin wannan sashe kusan duk ciniki ne a kan wannan farashi.

A shekarun farko bayan Linus Torvalds ya fitar da Linux a Helsinki cikin 1991, kayan aikin bai wuce printk ba, umarnin da ke sa kanel ya rubuta saƙo. Kana zargin wani wuri, sai ka dasa saƙo a can, ka sake gini, ka sake kunna kwamfuta, ka jira. Idan kanel ya yi tuntuɓe yakan zubo rahoton da ake kira Oops, amma lambobi ne zalla, babu sunan aiki ko ɗaya. Sai mutum ya kwafe su, sau da yawa da biro a takarda tunda na'urar ta mutu, ya ba wani shiri mai suna ksymoops tare da fayil ɗin System.map na wannan ginin, wato jerin adireshi da sunayen ayyukan da ke wurin, kafin adireshi su koma sunaye. Idan aka haɗa da System.map na wani gini daban, sunayen da za su fito na ƙarya ne, an yi wahalar banza. Zaɓin CONFIG_KALLSYMS ne ya kawo ƙarshen wannan, domin yana cusa teburin sunayen a cikin kanel ɗin kansa. Daga sigar 2.6 da ta fito a Disambar 2003, Oops ya fara zuwa da sunaye, aka kuma yarda cewa ɗan ƙarin girman da kanel ya yi bai kai amfanin ba. A tsakanin nan ne ma, cikin 2002, Roman Zippel ya kawo Kconfig, tsarin rubuta tambayoyin da ake amfani da shi har yau, wanda ya san cewa wannan zaɓi ya dogara da wancan.

Abin da ya fi jawo ce-ce-ku-ce a wancan zamani shi ne abin da babu. Masu shirya manhaja sun saba da shirin da ke tsayar da aiki cak, ka leƙa ciki, ka taka shi layi-layi. An rubuta irinsa domin kanel, har guda biyu, kgdb da kuma kdb na kamfanin SGI, amma Torvalds ya ƙi karɓarsu. A Satumbar 2000 ya faɗi dalilinsa ba ɓoye-ɓoye: yana ganin irin wannan kayan aiki yana sa mutum ya toshe ramin da ya faɗa kawai, bai tsaya ya fahimci abin da ya haƙa ramin ba. Mutane da yawa sun ji haushi, kuma suna da hujja, musamman masu haɗa Linux da sababbin na'urori. Sai a 2008, a sigar 2.6.26, kgdb ya samu shiga bayan Jason Wessel da wasu sun rage shi sun gyara, kdb kuma ya biyo baya a 2.6.35 cikin 2010.

A ganina wannan taurin kai ya haifar da alheri da ba a yi zato ba. Tunda an rufe ƙofar tsayar da kanel a leƙa, sai ƙwazon mutane ya karkata ga koya masa ya riƙa binciken kansa yana cikin tafiya. Mafi kyawun abin da ya fito daga wannan hanya shi ne lockdep.

Matsalar da lockdep ya zo warwarewa tsohuwa ce. Idan furosesa sun yi yawa a na'ura guda, dole a sa kwaɗo a kan duk abin da suke tarayya a kai, kada biyu su taɓa shi lokaci ɗaya. To a ce wani aiki ya riƙe kwaɗon sito yana jiran na zaure, wani kuma ya riƙe na zaure yana jiran na sito. An yi cirko-cirko ke nan, babu mai saki, na'ura ta tsaya. Abin baƙin cikin shi ne, sai ayyukan biyu sun haɗu a daidai ƙiftawar ido ɗaya hakan ke faruwa. Kuskuren yana iya kwanciya shekara biyu a kwamfutar wanda ya rubuta shi bai motsa ba, ya je ya tashi da tsakar dare a kwamfutar wani banki. Ingo Molnar da Arjan van de Ven suka kawo dabarar a 2006, ta shiga sigar 2.6.18 a ƙarƙashin CONFIG_PROVE_LOCKING. Kanel yana riƙe littafi: duk sanda aka ɗauki wani kwaɗo alhali ana riƙe da wani, sai ya rubuta cewa wannan iri ya gabaci wancan. Ranar da ya ga an ɗauke su a juye, ko da yau ne aka yi na farko gobe aka yi na biyu, ko da babu abin da ya tsaya, nan take zai yi kururuwa ya nuna wuraren biyu. Wato yana kama haɗarin da bai auku ba tukuna. Bayan rahoton farko yakan kashe kansa, domin daga nan littafin nasa ba abin dogaro ba ne, shi ya sa masu gwaji ke cewa ka gyara na farko kafin ka nemi na biyu. Kusa da shi akwai CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP, mai tona asirin aikin da ya nemi yin barci, wato ya dakata yana jira, a wurin da aka haramta barci.

Ba kullum waɗannan idanu ke zuwa lafiya ba. A 2008, ana gwajin sigar 2.6.27, sai katin sadarwar Intel da direban e1000e ke tuƙawa (direba ita ce manhajar da ke sarrafa na'ura) ya fara lalacewa a kwamfutocin masu gwaji, lalacewar da sake kunnawa ba ta gyarawa. An daɗe ana zargin direban. Da allura ta tono garma, sai aka gano ftrace ne, sabon kayan bin sawun ayyuka, wanda ke sauya umarnin kanel yana cikin aiki. Ya je ya yi rubutu a wani adireshi da a da na umarnin kanel ne, alhali an riga an mayar da wurin ga memorin katin. An kashe wannan ɓangare nan take, Steven Rostedt ya sake masa gini, yau kuma ftrace yana cikin kayan da aka fi dogara da su.

A ɓangaren memori an sha wuya kafin a dace. Shafa guba irin ta 6b tana nuna an yi ɓarna, amma sau da yawa bayan mai ɓarnar ya yi nisa. A 2009 sigar 2.6.31 ta kawo kmemleak na Catalin Marinas, mai neman memorin da aka karɓa aka manta ba a mayar ba, da kmemcheck na Vegard Nossum, mai kama karatun abin da ba a rubuta ba. Kmemcheck yana tare kowace taɓawa ɗaya bayan ɗaya, ya kuma tilasta wa na'ura aiki da furosesa guda, don haka nauyinsa ya sa kaɗan ne ke iya kunna shi, har aka cire shi a 4.15. Wanda ya sauya al'amura shi ne KASAN, da Andrey Ryabinin ya shigar a sigar 4.0 cikin 2015, bisa dabarar AddressSanitizer ta injiniyoyin Google. A nan kompaila, manhajar da ke juya rubutun mai shiri zuwa harshen na'ura, ita ke dasa ɗan bincike kafin kowace taɓa memori. Ana ware kashi ɗaya cikin takwas na memori a matsayin inuwa, bayit guda yana ba da labarin bayit takwas: halal ne a taɓa su ko a'a. Rahotonsa kuwa kamar shaidu uku ne a gaban alƙali: ga wanda ya taɓa, ga wanda ya karɓi wurin tun farko, ga wanda ya mayar da shi. Da aka haɗa KASAN da syzkaller na Dmitry Vyukov, shirin da ke jefa wa kanel buƙatu barkatai dare da rana, sai kurakurai suka riƙa fitowa dubbai, wasunsu sun shekara da shekaru a kwance. Daga 2017 syzbot, tsarin da ke tafiyar da syzkaller ba tare da sa hannun mutum ba, ya mayar da wannan aiki na kullum, yana aika rahoto da kansa.

To amma tsugune ba ta ƙare ba. Kanel mai KASAN da lockdep yana tafiyar hawainiya, yana cin memori, ba wanda zai ɗora shi a wayar da zai sayar ko kwamfutar da ke hidima ga jama'a. Shi ya sa masu rarraba Linux irin su Fedora da Red Hat ke fitar da kanel biyu, na yau da kullum da kuma kernel-debug. Ga shi kuma kurakurai mafiya wuya suna wajen jama'a, inda na'urori da ayyuka suka bambanta fiye da abin da ɗakin gwaji zai iya kwaikwaya. Akwai ma abin da ya fi wannan ciwo, wanda duk mai wannan sana'a ya sani: ka ce wa mai ƙorafi ya kunna kanel ɗin bincike, ya kunna, matsalar ta ɓace. Nauyin binciken ya sauya saurin ayyuka, waɗanda ke karo da juna sun daina haɗuwa. Ya koma kanel na kullum, ta dawo.

Saboda haka, tun kusan 2007, akalar ta juya zuwa ga rage farashi har a iya barin ido a buɗe ko'ina. SLUB, mai rabon memori da Christoph Lameter ya kawo a 2.6.22, ya zo da kayan bincikensa a ciki amma a kashe. Kalmar slub_debug a lokacin kunna na'ura ta isa ta tashe su, har kana iya cewa ga rumbun memori ɗaya tak da kake zargi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai kula da kwamfutar da ba shi ya gina kanel ɗinta ba. CONFIG_DYNAMIC_DEBUG ya yi wa saƙonni irin wannan a 2009: suna nan a kwance, ka tashi na fayil ɗaya ko layi ɗaya na'ura tana aiki. BTF, wani tsarin adana bayani domin masu bincike, daga sigar 5.2 ya matse bayanin siffofin kanel zuwa 'yan megabayit, inda cikakken CONFIG_DEBUG_INFO ke cin ɗaruruwa.

KFENCE, na Alexander Potapenko da Marco Elver, wanda ya shiga 5.12 a 2021, shi ne ya fi burge ni, domin ya haƙura da kama kowa. Yana da ɗan fili mai ɗaukar abu 255, kowanne a shafinsa, da shafin tarko a hagu da dama. A duk kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa yakan zaɓi buƙatar memori guda ya ajiye ta a can. Wanda ya zarce iyaka ko ya dawo bayan ya mayar, ya taka tarko. A na'ura ɗaya damar kamawa kaɗan ce ƙwarai, amma nauyin ma kusan babu, kuma idan na'urori dubu ɗari suna ɗauke da shi, ɓarawon da ya tsere wa wannan zai faɗa hannun waccan. A furosesan Arm masu MTE kuma, wato fasahar liƙa wa memori alama, tun 5.11, furosesan da kansa ke duba alamar da aka liƙa wa memori, KASAN ya sauke yawancin kayansa.

Akwai wani farashin da aka daɗe ba a lissafa ba. Duk tagar da mai gyara ke leƙawa, mai kutse ma yana iya leƙawa. Adireshin da printk ke bugawa taswira ce ga mai neman karya kanel, don haka daga 4.15 a 2018 aka fara rikita su kafin a buga. Masu bincike suka koka, har aka ba su no_hash_pointers a 2021 domin na'urorin gwaji. Debugfs, kundin leƙen ciki da Greg Kroah-Hartman ya kawo a 2004, Android ta hana buɗe shi a wayoyin kasuwa tun daga Android 11. Ina ganin daidai ne, ko da yake hakan na nufin wayar da ke aljihunka tana faɗin abu kaɗan game da ciwonta fiye da kwamfutar mai gwaji.

Yawan zaɓuɓɓukan ya kai har sabon shiga ba ya sanin inda zai fara, sai ya kunna duka ko ya kashe duka. A 2022, sigar 5.17 ta kawo debug.config, jerin da aka tace domin masu gwaji, a ɗora shi a kan .config da umarni guda. Duk da haka babu gini ɗaya da ke ganin komai. KCSAN, mai kama ayyuka biyu da ke rige-rigen taɓa wuri guda, ya shiga a 5.8 cikin 2020. KMSAN, magajin kmemcheck, ya shiga a 6.1 a ƙarshen 2022, kuma sai da kompailar Clang yake ginuwa. Kconfig ba ya barin a haɗa ɗayansu da KASAN a kanel guda, domin kowanne yana son ya dasa nasa binciken a wuraren taɓa memori. Shi ya sa syzbot ke gina kanel daban domin kowannensu, ya jefa musu buƙatun a na'urori daban-daban.